Injin da Aka Dasa wa Surukata

Ni direba ne a Riyad. Motar wani kamfanin kayan gini nake tuƙawa tun ina da baƙin gashi. Larabcina na titi ne, irin wanda ake tsinta a bakin danja da wajen masu gyaran taya, boko kuwa a firamare na ajiye shi. Abin da Allah Ya hore mini da yawa shi ne waswasi. In na kulle mota sai na dawo na ja ƙofar, in na tafi kuma sai in fara tunanin ko jan da na yi ne ya buɗe ta. Matata ta saba, ba ta ko ɗaga kai.

Da wannan halin nawa aka damƙa mini aikin tafinta tsakanin surukata da likitanta.

Hajiya, mahaifiyar matata, Bakanuwa ce ta cikin gari. Ciwon daji ya kama ta, kafin a gane shi ya riga ya gangara ƙugu da ƙashin baya. Ɗanta, ƙanin matata, ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, yana zaune a unguwar Nasiriya a nan Riyad. Shi ya kawo ta, shi ya yi ta zirga-zirga har asibiti ya karɓe ta. Ana cikin haka aikin alhazai ya janye shi zuwa Jidda, ba ya leƙowa sai jefi-jefi. Tunda ba a barin mara lafiya ita kaɗai, muka ɗauko ta zuwa namu gidan a unguwar Utaiƙa, ɗaki biyu da falo a saman wani shagon kayan miya.

Tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa kallon fuskarta gaba da gaba ba. Gaisuwa a bakin ƙofa nake yi, a durƙushe, kaina a ƙasa. Ita kuma ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce "mai gidan nan". Matata ita ce 'yar farinta, ka ga nan ma ba sauƙi. Ba ta kiran sunanta, ba ta doguwar magana da ita. In tana son ruwa sai ta kalli bango ta ce, "Ko akwai ruwa a gidan nan?" A gida Kano wannan duk ba matsala ba ce, akwai ƙannenta da ƙawayenta da maƙwabta, akwai wanda za ta buɗe wa ciki. A Riyad kuwa Allah Ya haɗa ta da mutum biyu da ta fi jin kunya a duniya, Ya rufe ƙofa.

Ƙwayoyin rage zafin da ake ba ta suna aiki, amma sun mayar da ita wata iri. Yini take barci, in ta farka amai, ciki ya ɗaure. Abin da ya fi ci mata rai shi ne salla. Sai ta tayar da kabbara a zaune, kafin ta kai ƙarshen Fatiha kai ya langaɓe. Wata rana matata ta same ta tana hawaye da carbi a hannu, ba ta san ko ta yi Azahar ko ba ta yi ba.

Likitan da aka tura mu wajensa ba ciwon yake yaƙa ba, aikinsa zafin ciwon ne kawai. Balarabe ne mai fara'a da saurin magana. Ya fito da wani ɗan inji daga aljihun tebur ya ɗora mini a tafin hannu, zagayayye, mai sanyi, kamar babban gwangwanin man takalmi. Ya ce za a tsaga fatar ciki ta gefe a saka shi a ɗinke. Daga jikinsa wata siririyar roba za ta bi ƙarƙashin fata ta zagaya baya, ta shiga ruwan da laka ke kwance a ciki. Injin zai riƙa ɗiga mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, kaɗan-kaɗan a daidai hanyar da zafin ke bi ya hau kai. Tunda maganin ba zai zagaya jiki duka ba, ɗan kaɗan ya isa, barci da amai su ragu. In ya kusa ƙarewa sai a zo a cika shi da allura ta cikin fata.

Na tambaye shi in ta yi sujada ba zai kife ba? Ya ce a'a. Na ce in aka kunna injin wanki a gida fa? Ya ce ba ruwansa. Na ce in maganin ya ƙare ranar Juma'a, asibiti ba kowa? Ya ce ana cika shi tun kafin ya ƙare, kuma akwai masu jiran ko-ta-kwana. Ina shirin wata tambayar matata ta taka mini ƙafa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, sai na kai maganar masallacinmu. Akwai ɗalibai 'yan gida da ke karatun addini a jami'a, sukan zo mana La'asar. Uku na samu a ranar, biyu 'yan Najeriya, ɗaya ɗan Nijar. Na ce malamai, tambaya biyu ce. Mofin ɗin nan ba maye ba ne? Sannan abin da ke ɗiga a jikin mutum yini guda, in azumi ya zo, bai karya ba?

Na fari ya ce lalura ce, babu laifi, kuma laka ba ciki ba ce. Na biyu ya gyara zama ya ce a dakata, sai an fara tantance mene ne ciki. Na uku ya ce ai injin kansa a ciki yake, ko da yake a bangon ciki yake, ba a cikin ciki ba. Daga nan suka bar Hausa suka koma Larabcin littafi, wanda ba irin nawa ba ne, ina tsugune ina bin bakinsu da ido. Har aka kira Magariba ba su fita daga bangon cikin surukata ba. A ƙarshe dai suka haɗu a kan cewa a yi aikin, mara lafiya ma ai an ɗauke mata azumin. Muna neman takalma sai ɗan Nijar ɗin ya dafa ni ya ce, "Kai ne tafinta, ko? To ka ji tsoron Allah. Tafinta amini ne. Abin da ka ƙara da abin da ka rage, duk za a tambaye ka."

Shi ya faɗa ya wuce abinsa, ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji.

Kafin ranar aiki labari ya zaga Hausawan Riyad, 'yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da kwalin lemo da iliminsa. Matar wani ma'aikaci ta ce ta ji ana iya sarrafa irin injin nan daga ƙasar waje, in suka ga dama su kashe shi suna zaune. Wani dattijo ya ce duk wannan wahala ce, habbatus sauda da zuma sun isa, shi da kansa ya warkar da gwiwarsa. Wani kuma damuwarsa filin jirgi ce, wai ƙofar bincike za ta yi ta ihu a tsare Hajiya a matsayin mai ɗauke da makami. Duk wanda ya shigo zai ce, "Hajiya, ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi," ya ce, "Allah Ya ƙara sauƙi," sannan ya juya ya ci gaba da gardama a kan tauraron ɗan adam.

Aka yi gwaji da allura a baya, ya yi kyau, aka yi aikin, shi ma ya yi kyau. Kafin a sallame ta likita ya zaunar da ni ya ce in saurara da kyau. Ya ce injin a ƙasa-ƙasa ya saita shi, don ba a farawa da yawa. Zai riƙa janye ƙwayoyin baki a hankali, yana ƙara na injin gwargwadon abin da ta gaya masa. Ba shi da na'urar da ke auna zafi, bakinta ne ma'auninsa. Ya kuma ba ta wani abu kamar rimot, in zafi ya taso ta kara shi a cikinta ta danna, injin zai ƙara mata ɗan magani, kuma an ƙayyade shi yadda ba zai wuce kima ba ko da ta yi ta dannawa. Ya ce ita kaɗai za ta danna, kada kowa ya danna mata. Na juya mata duka, kalma bayan kalma, ina kallon tayil. Ta ce, "A ce masa mun gode."

Ranar mau'idi na farko, wato ranar da aka yanka mana mu koma, nas ta ja labule, Hajiya da matata suna ciki, ni ina waje na ba labulen baya don ƙarin kariya. Likita ya ce, "Tambaye ta yaya zafin yake."

Na ce, "Hajiya, wai yaya jikin?"

Na ji ta gyara zama. Sannan ta ce, "A ce masa mun gode Allah, da sauƙi."

Na gaya masa haka, ban ƙara ba ban rage ba. Ya miƙa wa nas wani kati mai zanen fuskoki a jere, daga mai murmushi har zuwa mai sharɓar kuka, wai ta nuna wadda ta yi daidai da ita. Nas za ta ɗaga murya ta faɗi abin da aka nuna, kuma mijin 'yarta yana tsaye bayan labule da kunne biyu. Hajiya ta ɗora yatsa a kan mai murmushi. Likita ya ce masha Allah, ya rage ƙwayoyin baki, ya bar injin inda yake.

Mau'idi na biyu haka, na uku haka. Yana da wata na'ura da yake karawa a cikinta ta nuna masa abin da injin ya yi, ya ga ko sau ɗaya ba a danna rimot ba. Murna ta kama shi. Wani zuwan har ya tara ƙananan likitoci masu koyo suka kewaye gadon, yana nuna musu yadda aiki ke kyau in an dace da mara lafiya. Ni na juya mata yabon da Hausa. Ta ce, "Madalla."

Abin da bai sani ba, rimot ɗin ƙara yake yi in an danna, wani ɗan ƙit-ƙit. Gidanmu kuwa in ka yi tari a ɗaki na kicin zai ce maka sannu. Danna shi daidai yake da ta tsaya tsakar falo ta yi shelar tana jin ciwo. Sai ta naɗe shi a ɗankwali ta tura ƙasan akwati, tare da turare da zannuwan tsaraba.

Barci ya tafi, gaskiya ne. Amai ya tsaya. Salla ta dawo mata daidai, tana sane da kowace raka'a. Amma abin da ƙwayoyin suke dannewa ya taso gaba ɗaya, kuma a mota na gane haka. Hanyar asibitin ta wajen Dir'iyya take bi, inda ake ta gine-gine, yau a tare nan gobe a karkatar da can, ga tudun rage gudu ko'ina. Ba kallon surukata nake yi ba, Allah Ya sani. Madubi ne, dole direba ya duba bayansa. Duk tudun da muka hau sai in ga ta cusa gefen mayafi a baki ta cije, idonta a rufe, gumi yana tsatsafo mata a goshi alhali sanyin mota na kaɗawa. Ko uffan ba ta cewa. Na koma hawa tudun kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, na baya suna ta danna mini oda suna zagina da Larabci.

A gida ta daina kwanciya, sai dai ta jingina da bango da matashi biyu. Abinci ta taɓa ta ture. Na ce wa matata ta tambaye ta tsakaninsu. Ta shiga ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Inna, ko bayan ne?" Hajiya ta kalli taga ta ce, "Wa ya ce wani abu na damun wani?" Matata ta fito ta shige kicin ta kunna famfo don kada a ji kukanta. Muka kira ɗanta a Jidda, ya yi magana da ita ta waya, ta ce masa garau take, ya yi aikinsa, Allah Ya yi masa albarka. Yaron da ya sha wannan ɗawainiya, ta yaya za ta ce masa abin bai yi ba? Ya kira ni ya ce, "Yaya, ka cika damuwa wallahi."

Na yi kwanaki ina juya abin. In na ce wa likita tana jin zafi, na ƙara abin da ba ta faɗa ba. In na yi shiru, ina gani tana narkewa. Na koma masallaci neman ɗan Nijar ɗin, aka ce ya tafi hutu gida. A ƙarshe na samo mafita da kaina: zan gaya wa likita, amma in bayyana masa cewa wannan maganata ce, ba tata ba.

Haka na yi. Bayan ta gama cewa da sauƙi na juya masa, sai na ce, "Likita, tafinta ya gama. Yanzu ni ne. Ina ganin tana jin zafi sosai."

Ya ajiye biro ya ce, "Ta yaya ka sani?"

Na ce a madubin mota nake ganin tana cije mayafi.

Mutumin kirki ne, bai yi wasa da maganar ba. Ya juya wajen labule ya ce, "Gaya mata, mijin 'yarki ya ce yana ganinki a madubi kina cije mayafi saboda zafi. Gaskiya ne, ya ummi?"

Na tsaya kamar an dasa ni. Maganar likita ce, ni kuma tafinta ne, ba ni da ikon rage ko harafi. Na ce, "Hajiya, wai... wai ni na ce ina ganinku a madubi kuna cije mayafi."

Matata ta ce mini daga baya Hajiya mayafin ta ja ta rufe fuskarta gaba ɗaya har haɓa. Can ta ce, da wata murya siririya, "A ce masa ƙura ce ta hanya."

Na ce masa ƙura ce ta hanya. Ya dube ni, ya dubi labule, ya ce ba zai iya ƙara mofin a lakar mutum bisa abin da aka hango a madubi ba alhali mai jikin ta ce a'a, amma zai ɗan taɓa kaɗan, kuma mu dawo da wuri. Ban ga laifinsa ba. A hanyar komawa ta zauna daidai bayan kujerata inda madubi ba ya kamawa. Kwana da kwanaki in na gaishe ta matata ce ke amsawa.

Ana nan wata Juma'a da yamma wata tsohuwa ta hau mana bene tana haki, da kwano a lulluɓe. Mai waina ce, a bayan kasuwar Utaiƙa take suya, duk Bahaushen unguwar ya san ta. Ta fi ni daɗewa a Riyad nesa ba kusa ba, Larabcinta na kasuwa ne, mai kaifi. Ba ta san Hajiya ba, ta dai ji ana cewa akwai baƙuwa ba lafiya. Ni ina lungun kicin ina canza tukunyar gas, ƙofar ɗakin a buɗe.

Bayan gaisuwa ta ce, "Daga wane gari?"

Matata ta ce Kano.

Tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Ashe baiwata ce kwance a nan ba a gaya mini ba. Ni Bazazzagiya ce. Tashi ki gaishe da uwar ɗakinki."

Na saki sifana. Tun zuwan Hajiya ba wanda ya yi mata magana sai da rusunawa. Sai na ji muryarta, wadda ban san tana da ita ba, ta ce, "Ji mini 'yar fate. Wa ya ba ku biza ku kuma? Ko a buhun tsaki aka shigo da ke?"

"A jirgi na zo, kujerar gaba. Ke kuwa an ce inji aka sa miki a ciki. Kanawa! Kowa ya zo Saudiyya ya koma da dabino, ke sai da kika haɗiye inji. Ina abin dannawar da ake faɗa?"

"Yana nan a ajiye."

"A ajiye! Na rantse sayarwa za ki yi in kin koma. Sabo fil, ba a taɓa dannawa ba, ko? Shi ya sa kike zaune a karkace kamar tukunyar da aka ɗora a murhu mai duwatsu biyu. Dubi yatsun ƙafarki yadda suka dunƙule. Rowa ce za ta kashe ki, ba ciwo ba."

Hajiya ta ce, "Ke rufe mini baki. Wallahi da rabin abin da ke bayan nan nawa aka ɗora miki, da tun daga nan ana jin ihunki a Tudun Wada."

"Wane abu? Ɗan ciwon bayan da kowace tsohuwa ke yi?"

"Ɗan ciwon baya? Garwashi ne aka zuba mini a ƙugu ana fifitawa. In na motsa sai ya tsarga ƙafar hagu har tafin ƙafa kamar an ja waya mai zafi. Rabona da in kwanta a miƙe tun kafin a cire zaren ɗinki. Ke kin isa ki ɗauka? Zage-zagi da kaza ta taka ku sai an kira mai unguwa."

"To ba ki gaya wa likitan ba?"

Hajiya ta sassauta murya, amma gidan namu ne, na ji. Ta ce, "Ta bakin wa?"

Na lallaɓa na fita baranda, ina jin kamar na saci wani abu. Ba a jima ba tsohuwar ta fito ta same ni, ta kama ƙugu.

"Kai ne tafintan?"

Na durƙusa na ce, "Ni ne, Baba."

"Kai da matarka duk ba mai hankali. Surukarka za ta ce maka ƙugunta na ciwo? Gobe kuma ta gaya maka rabonta da bayan gida? Yaushe ne mau'idin?"

Na gaya mata. Na fara bayanin cewa asibitin suna da tsari, sunana ne a rubuce, ban sani ba ko za su yarda, kuma ko iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, tana da sauran kwana, don a ƙofa wani lokaci ana dubawa. Ta ce, "Iƙamata ta girmi aurenka. Ka zo ka ɗauke ni, kuma ka wanke motar."

Kafin ta tafi sai da ta sa aka zazzage akwati aka fito da rimot. Ta ce in Hajiya ba ta danna ba, ita za ta tafi da shi ta ce wa duk Utaiƙa Bakanuwa ta kasa aiki da abin da yaran Zariya ke wasa da shi. Na ji ƙit-ƙit daga baranda. Na yi tari mai ƙarfi don a ɗauka ban ji ba.

Ranar mau'idi ta shiga gaba ta zauna, tana ta ba ni umarnin hanya a garin da na yi rabin rayuwata ina tuƙi. A ofishin likita ba ta jira an tambaye ta ba, ta nuna ni ta ce masa da Larabci, "Wannan ya fita." Likita ya dube ni. Na ce ƙwarai, in fita. Matata ma aka koro ta, ta tafi neman ruwa.

Na zauna a kujerar da ke jikin ƙofa. Ƙofar ba ta da kauri. Na ji likita ya yi tambayarsa, na ji tsohuwa ta ce, "To baiwa, ga ubangidanki na tambaya. In kin yi ƙarya in tona." Hajiya ta ce, "Ki ce masa ƙafar hagu ta fi, kuma da yamma ya fi tashi." Sai na ji tsohuwa ta juya da Larabci ta ce wa likita matar nan ana yanka ta da zarto safe da yamma, ƙafarta ta hagu wuta ce, ba ta barci, ba ta ci, kuma duk murmushin da ta nuna masa a kati na kunya ne, don a garinsu ba a kuka gaban suruki.

Ba a ce zarto ba. Ina zaune na ji da kunnena, ba a ambaci zarto ba, ba a ce safe ba, yamma kawai aka ce. Na miƙe, hannuna har ya kai mariƙin ƙofa. Mofin ne fa, a laka. In aka ƙara bisa zarton da babu, numfashinta ya tsaya, ni da na ji na yi shiru ina cikin masu laifi ko ba na ciki? Ina tsaye a haka sai na ji likita yana bi dalla-dalla, yana cewa ta nuna da hannunta daga ina zuwa ina, ta ɗaga ƙafa, ta faɗi abin da ke tayar da shi. Na ji Hajiya tana gyara wa tsohuwar magana, tana cewa, "Ba nan ba, makauniya, ƙasa kaɗan." Wato mai jikin tana nan, bakinta a buɗe, ba ta bukatar in tsare mata komai.

Na saki mariƙin. Na duba dogon barandar asibitin, can ƙarshe kusa da na'urar ruwan sha akwai kujera. Na je na zauna, na kasa kunne, na tabbatar ba na jin komai sai ƙugin na'urar. Nan ya zama wurin zamana duk ranar mau'idi.

Likita bai ƙara da yawa a ranar ba. Kaɗan ya ƙara, ya riƙe ta ana duba numfashinta har yamma, ya ce mu dawo bayan kwana kaɗan. Da ya fito ya same ni ya dafa kafaɗata, ya ce ya yi shekaru yana wannan aiki, ya ga masu ƙara wa ciwonsu gishiri, ya ga masu ragewa, amma bai taɓa ganin wadda sai an zage ta take faɗin gaskiya ba. Na ce masa ba zagi ba ne, wasa ne na gari da gari. Ya ce ko mene ne, kada mu sake zuwa babu tsohuwar nan.

Sai da aka yi zuwa uku ko huɗu ana ƙarawa, aka haɗa mata da wani magani na biyu a cikin injin saboda ƙafar, kafin abin ya daidaita. Ciwon dajin yana nan, ba wanda ya ce mana zai tafi, kuma bai tafi ba. Amma wata ranar Asabar na dawo daga aiki da Azahar na tarar gidan tsit, matata ta tare ni a bakin bene da yatsa a leɓe. Ta ce Inna ta yi salla, ta ci tuwo ta nemi ƙari, yanzu ta kwanta. A miƙe, a kan bayanta.

Na ce, "Tana numfashi dai ko?"

Matata ta harare ni ta ce, "Minshari take yi."

Na cire takalmina a nan ƙasan bene na hau da safa.